KAFIN MU KIRA YARO INJINIYA, MU BA SHI TEF ƊIN AWO

Kusan kowane wata sai an yi mana irin bidiyon nan. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ko sha huɗu ya haɗa motar sulke ta sojoji da kwalin taliya, ya yanka tsofaffin silifas ya yi mata tayoyi, ya ɗora bututun biro a sama a matsayin bindiga. Wani ma har ya sa batir da ɗan injin tsohuwar rediyo mai kaset, motar tana tafiya da kanta. Kafin magariba bidiyon ya karaɗe Facebook da TikTok, mutanenmu kuma sun rabu gida biyu. Wasu na cewa ma sha Allah, ga injiniya, ina gwamnati take, da a Turai ne da tuni an ɗauke shi. Wasu kuma na cewa yaro bai ga abin ƙerawa ba sai motar yaƙi, wannan ai lalacewar zamani ce.

Bayan kwana uku kowa ya manta. Yaron yana nan inda yake, da kwalinsa da rezarsa, kuma motar da zai yi baɗi ba za ta fi ta bana ba, sai dai ta fi ta girma.

Ni ina cikin 'yan tsirarun da ke haɗa ƙananan samfuran tankokin yaƙi da motocin sulke idan an taso daga aiki, abin da wasu abokaina ke kira ɓata lokaci da wasan yara. Don haka ina da ta cewa, kuma maganata ɗaya ce: abin da yaran nan suka rasa shi ne awo. Hannu suna da shi, ido suna da shi, haƙuri ma suna da shi fiye da mu manya. Amma babu wanda ya taɓa zaunar da su ya ce ga tef, ga fensir, auna ta gaske ka raba. Yabon da muke zuba musu bai koya musu wannan ba, tsinuwar da wasu ke yi ma haka.

Bari in yi bayanin yadda abin yake a inda ya samo asali, don a gane me nake nufi.

A Japan, da Ingila, da Jamus, da Amurka, da China, haɗa ƙananan motocin yaƙi babbar harka ce ta manya da yara, da kamfanoni da mujallu da gasa. Kana sayen kwali, a ciki akwai ɗaruruwan gutsattsarin roba maƙale a jikin firam, da takardar da ke nuna wanne ke haɗuwa da wanne. Ka yanko, ka goge da samfefa, ka manna da gam, ka cike ɓaraka, ka yi fenti. A jikin kowane kwali za ka ga lamba, galibi 1/35. Ma'anarta ita ce kowane abu a jikin samfurin kashi ɗaya ne cikin 35 na girman na gaske. Tsawo, faɗi, kaurin taya, bakin bindiga, har kan ƙusa. Mutum mai tsawon santimita 175 zai koma santimita 5 cif.

Kamfanin Tamiya na garin Shizuoka a Japan ne ya yaɗa wannan ma'aunin. Asalinsa kamfanin katako ne da Yoshio Tamiya ya kafa a 1946. A farkon shekarun 1960 suka fitar da tankar Jamus mai suna Panther ta roba, mai tafiya da batir. Girmanta ma sun tsayar da shi ne daidai yadda batir biyu za su shiga cikinta, da aka auna daga baya sai aka ga ya faɗo a kan 1/35. Abin lura shi ne abin da suka yi bayan nan: suka riƙe wannan ma'aunin ba su sake shi ba, har sauran kamfanoni suka bi. Shi ya sa yau za ka sayi tanka daga Japan, babbar mota daga Italiya, durom ɗin mai daga China, ka jera su wuri ɗaya su dace kamar uwa ɗaya ta haife su.

Ɗan mai kamfanin, Shunsaku Tamiya, ya yi suna wajen zagaya gidajen tarihi na Turai da Amurka da kyamara da tef, yana auna tankokin gaske da hannunsa. Lokacin da suka so yin samfurin motar tsere ta Porsche a shekarun 1970, sai da suka sayi Porsche 911 ta gaske suka kwance ta ɗaiɗai don su ga cikinta. To wannan shi ne ginshiƙin sana'ar gaba ɗaya. Duk sauran ado ne.

Mu ɗauki tankar T-55 ta tsohuwar Tarayyar Sobiyat, tunda ita ce aka fi gani a Afirka, sojojin Najeriya ma sun yi aiki da ita. Tsawonta har da bindiga kusan mita 9 ne. Raba da 35, ka samu santimita 26 ba kaɗan. Tsayinta mita 2.4, wato kusan santimita 7. Faɗinta mita uku da 'yan kai, a samfuri bai kai santimita 10 ba. Yaron da ya yi wannan lissafin sau ɗaya ya gane amfanin rabawa da aka yi shekara uku ana koya masa a allo bai san dalili ba. Kuma nan take zai ga abin da ido kaɗai ba ya faɗa masa: tanka a kwance take, mai faɗi, gajeriya. Yawancin na kwali da muke gani a bidiyo dogaye ne kamar rumbu.

Daga awo sai lura. T-55 tayoyi biyar gare ta a kowane gefe, kuma akwai tazara mai faɗi tsakanin ta farko da ta biyu. Ƙanwarta T-62 ita ma biyar ne, amma tazararta a baya take. T-72 shida gare ta. Sarƙar T-55 ba ta da ƙananan tayoyin da ke tallafe ta a sama, don haka takan kwanto a kan manyan tayoyin, ta ɗan yi lanƙwasa. Salansarta a gefen hagu take, saboda haka baƙin hayaƙi a hagu zai taru, tankunan mai na waje kuma suna dama. Wanda ya shafa baƙi a dama ya yi ƙarya, ko da fentinsa ya fi na kowa kyau.

Haka abin yake a tarihi. Tankokin Jamus a farkon Yaƙin Duniya na Biyu ruwan toka mai duhu ne, daga Fabrairun 1943 aka koma ruwan ƙasa mai ɗorawa. Akwai wani kwaɓi mai suna Zimmerit da suke shafawa a jikin tanka don kada nakiya mai maganaɗisu ta manne, an fara a 1943 aka daina a Satumbar 1944. Idan ka ce tankarka ta 1941 ce amma ka yi mata wannan kwaɓin, duk wanda ya san harkar zai yi maka dariya. Dole ka karanta, ka duba tsofaffin hotuna, ka gwada wannan da wancan. Da sunan wasa, mutum ya koyi bincike, ya koyi cewa "haka na ji" ba hujja ba ce.

Sai kuma ɓangaren da na fi so, wato tsufar da mota. Tanka sabuwa fil mai ƙyalli ba ta kama da gaskiya. Ana tsinka fenti mai duhu ya zama kamar ruwan shayi, a ɗiga shi ya bi lunguna da kewayen ƙusoshi. Ana tsoma burushi a fenti mai haske, a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, sannan a shafa a gefuna su fito. Ana dangwala ɗan guntun soso a fenti ruwan ƙarfe a yi tabon inda takalmin soja ke gogewa wajen hawa. Ƙura kuwa, alli mai launi ake niƙawa, ko a tankaɗe ƙasar gaske. Amma kafin ka yi ko ɗaya, sai ka tsaya ka kalli duniya. A ina ƙura ke kwanciya a jikin tifa? Ta ina tsatsa ke fara cin tankar ruwa? Yaya laka ke fallatsa a bayan tarakta? Ƙurar hunturu fara ce mai laushi, ta hanyar burji ja ce, lakar fadama baƙa ce. Turawa na sayen waɗannan launuka a 'yan kwalabe da tsada, mu kuwa a ƙofar gida muke share su.

Yanzu mu dawo gida. Wanda duk ya tashi a ƙasar Hausa ya san motar kara, da motar langa-langa, da ta gwangwanin madara da ake ja da zare. Mun yi tirela mai taya goma sha takwas, mun yi a-kori-kura har da karen mota. Ba a taɓa rasa gwanaye ba a kowace unguwa. Tambayar ita ce, ina suka tafi? Me ya sa gwanin motar kara a shekara goma bai zama mai zana mota a shekara talatin ba? Talauci na ciki, lalacewar makarantu na ciki, ban musa ba. Amma akwai wani mataki ƙarami da ba ya buƙatar kuɗi, kuma shi ne muke tsallakewa: matakin da yaro zai tashi daga "ta yi kama da mota" zuwa "daidai take da mota".

A nan ne yabonmu ke cutarwa. Yabon gwani ya zama dole, haka ne. Amma idan ka ce wa yaro ɗan shekara goma sha uku ya riga ya zama injiniya, me ya rage ya koya? Ka rufe masa ƙofa da hannunka. Ya ɗauka ya iso, saura gwamnati ta zo ta ɗauke shi. In ba ta zo ba, kuma yawanci ba ta zuwa, sai ya zauna da ɓacin rai yana cewa ƙasar nan ba a daraja masu basira. Alhali kuwa da wani kawunsa ya ce masa, ka yi ƙoƙari, amma tayoyinka sun yi ƙanana da jikin motar, zo mu auna, da ya yi masa alherin da ya fi sharhi dubu.

Ku dubi abin da Amurka ta yi a 1942, tana tsakiyar yaƙi. Sojojinta na buƙatar ƙananan samfuran jiragen sama don koya wa mayaƙa bambance jirginsu da na abokan gaba tun daga nesa. Sai aka nemi 'yan makaranta su sassaƙa guda 500,000 da katako. Ba a tsaya kiran su injiniyoyi ba. An aika wa makarantu zane, an ce ma'aunin 1/72 ne, kuma sai an duba aikin yaro an ga ya yi daidai kafin a karɓa. Wannan shi ne girmama yaro: ka ba shi ma'auni, ka yarda zai iya cika shi.

Masana'antu ma da haka suke aiki. Manyan kamfanonin mota har gobe suna fara sabuwar mota ne da ƙaramin samfurin yumɓu, a duba a gyara, sannan a yi mai cikakken girma. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, wanda daga 2017 ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya, ta makarantar zane da awo ya bi, daga kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi zuwa Detroit. A Kaduna akwai DICON tun 1964, kuma a Disambar 2019 aka ƙaddamar da motar sulke mai jure nakiya da aka sa wa suna Ezugwu. Irin waɗannan wurare masu karanta zane da riƙe ma'auni suke nema. Wanda ya saba da "kusan haka ne" ba shi da gurbi a can, don milimita biyu a ƙarfen sulke rai ne.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba zan raina maganarsu ba. A ƙasar da Boko Haram da 'yan bindiga suka mayar da mata zawarawa, yara marayu, me ya kai mutum ƙawata motar yaƙi? Amsata biyu ce. Ta farko, yaro abin da yake gani yake ƙerawa. Mu da muka tashi muna ganin tirela da bas, su muka yi. Yaron da ya tashi a Maiduguri ko Gusau yana wuce shingen sojoji kullum a hanyar makaranta, motar sulke zai yi. Ba shi ya kawo yaƙin ba, mu manya muka bar masa shi gado. Tsawata masa ba zai cire abin daga idonsa ba.

Ta biyu, a iya abin da na gani, sanin tanka dalla-dalla yana rage wa mutum sha'awar yaƙi. Fim ne ke nuna ta kamar dodon da ba a iya kashewa. Wanda ya haɗa cikin T-55 ya ga inda mutum huɗu ke takure, harsasai a gefensu, mai a gabansu, ƙofar fita 'yar ƙarama, ya san akwatin ƙarfe ne mai zafi da 'ya'yan mutane a ciki. Makwabtanmu na Chadi sun shaida. A Janairun 1987 a garin Fada, dakarun Hassan Djamous a cikin motocin Toyota ɗauke da makamai masu linzami na MILAN da Faransa ta ba su, sun ƙona tankokin Libiya gommai a yini ɗaya. Kowace tanka da ta ƙone, akwai uwar da ta yi kuka a wani gida.

Ba na cewa harkar ba ta da nata aibin. Akwai masu yin ta a Turai da Amurka da suka mayar da tankokin Hitila abin so fiye da kima. Tiger ta farko guda 1,347 kacal aka ƙera, Sherman ta Amurka kuwa ta haura 49,000, amma in ka shiga kantin samfura sai ka rantse Tiger ce ta ci yaƙin. Kasuwa ce ke zaɓar abin da za a tuna, kuma ba ta zaɓe mu ba. Tankar Vickers ta Ingila da Najeriya ta saya a shekarun 1980, wadda ake kira Eagle, da ƙyar ka ga samfurinta. Saladin da Ferret da aka yi yaƙin basasa da su daga 1967 zuwa 1970, in ka samu ma galibi da alamun sojojin Ingila suke zuwa. Motocin sulken da 'yan Biyafara suka ƙera da hannu, waɗanda ake kira Red Devils, suna nan a gidan tarihin yaƙi na Umuahia, manyan kamfanonin ba su waiwaye su ba. Idan ana son a gan su a kan tebur daidai da yadda suke, sai namu sun auna sun yi. Kuma yaron da ya saba ƙera komai daga babu ya fi ɗan Turai da ya saba da kwalin kanti kusa da iya wannan aikin.

Don kada wani ya ce abin na masu kuɗi ne: gaskiya kwalin Tamiya ɗaya, da kuɗin kawo shi, da yadda dala take yanzu, ya fi ƙarfin ɗan makaranta. Amma awo kyauta ne. Tef ɗin tela, rula, fensir, reza, takardar lissafi mai gida-gida. Tsofaffin katunan roba suna yin bangon sulke mai kyau. Wayar tagulla ta cikin lalatacciyar caja tana yin mariƙi da igiyar ja. Tsinken alawa yana yin bututu. Wanda kuma ba ya son mutum-mutumi saboda addini, ya bar 'yan sojojin roba ya tsaya a kan motar, babu abin da ya ragu.

Gargaɗi ɗaya, kuma da gaske nake. Kada wani yaro ya je shingen sojoji ko ƙofar bariki da waya yana ɗaukar hoto, ko da tef yana cewa zai auna. A halin da ake ciki wannan na iya jawo masa abin da iyayensa za su daɗe suna nadama. Hotuna da zane da awon waɗannan motocin suna nan a intanet da littattafai. Kuma a tsaya a ƙaramin samfuri na kan tebur, ban da ƙera bindiga mai girman ta gaske ana yawo da ita a unguwa.

Ni a shawarata ma, kada a fara da tanka. A fara da Keke Napep ɗin maƙwabci. A nemi izininsa, a auna tsawo da faɗi da tsayi da taya da gilashi, a rubuta, a raba kowanne da lamba ɗaya, a zana a takarda ta gaba da ta gefe da ta sama, sannan a yanka kwali. Yaron da ya yi wannan ya fito daidai, ranar da ya koma kan motar sulke za ku ga bambanci da idonku.

Malaman lissafi da na fasaha a ƙananan sakandare, wannan darasi ne na mako biyu da ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Masu walda da kafintoci da teloli na unguwa, kullum da tef a wuyanku ko aljihunku, ku ara wa yaran nan minti goma. Masu shirya gasa a makarantu, ku daina ba wanda motarsa ta fi girma ko ta fi ƙara kyauta, ku ba wanda ya kawo takardar awonsa tare da motar. Mu kuma masu yaɗa bidiyo, idan na gaba ya fito, mu yaba, amma a samu mutum ɗaya a garin da zai nemi gidan su yaron ya tambaye shi: wace mota ce wannan, nawa ne tsawon ta gaske, da nawa ka raba? In bai sani ba, a zauna a nuna masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya raya mana su, Ya kawo mana zaman lafiyar da motar sulke za ta koma abin kallo a gidan tarihi kawai.